Zancen Malam: Kwana Biyu a Kwarin Kadisha

Watan jiya na ɗauki alkawari zan ba ku labarin tafiyar da na yi zuwa ƙasar Lebanon cikin dogon hutun makaranta na shekarar 2023. Alkawari kaya ne, yau ga ni zan sauke.

Tun da fari, kada wani ya yi tsammani an ƙara wa malaman makarantar mishan albashi. Ba da kuɗina na je ba. Mahaifina ya yi shekaru da yawa yana aiki a kantin wani Kwara a Kano, ni da ɗan mai kantin kuwa tare muka tashi. Yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma tun muna yara yake ce mini Malam, don ni ke yi masa lissafi. Shi ya biya kuɗin jirgi, a gidansu kuma na sauka, cikin wani gari da ake kira Miziyara, can arewacin ƙasar. Mutanen garin nan da yawa a Nijeriya suka sami arzikinsu, har akwai wanda ya gina gidansa da siffar jirgin sama. Mu dai mun san Kwarori da sayar da yadi, daga gare su ne ma Kantin Kwari ya sami sunansa, amma ba mu cika tambayar inda suka fito ba, balle irin sujadar da suke yi. To, iyalin abokina Kirista ne, daga cikin waɗanda ake kira Maroniyawa. Sunan ya fito daga Maron, wani bawan Allah da ya keɓe kansa a bisa dutse cikin ƙasar Suriya, ya rasu wajen shekara ta 410. Suna tarayya da Paparoma, amma suna da nasu Babban Uba wanda suke kira Batarak. Har yanzu kuma wani sashi na sujadarsu da Suriyanci suke yi, harshen da yake ɗan'uwa ne ga wanda Ubangijinmu ya yi magana da shi.

Da na huce gajiya, sai abokina ya ce, "Malam, in ka koma gida ba ka ga Kadisha ba, ka yi mini asarar kuɗin jirgi."

Kadisha da Suriyanci ma'anarsa mai tsarki. Kwari ne mai zurfi ƙwarai, sai ka ce an sa gatari an tsaga dutsen gida biyu. Garuruwa suna zaune a bakinsa dama da hagu, kogi kuwa yana gudu can ƙasa har ya faɗa teku a birnin Tarabulus, na Lebanon fa, ba na Libiya ba. A jikin duwatsun akwai kogwanni ba iyaka, cikinsu ne sufaye suka yi ɗaruruwan shekaru suna zama, wato mutanen da suka bar aure da dukiya suka ba da kansu ga addu'a da aikin hannu. A shekarar 1998 hukumar UNESCO ta sa kwarin, tare da kurmin al'ul da ke bisansa, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Rana ta fari da mota muka yi yawo. Muka fara hawa zuwa kurmin al'ul, wanda yake kimanin mita 2,000 bisa teku. Dole in faɗi laifina a nan. Na yi shekaru ina koya wa yara yadda Sulemanu ya aika wurin Hiram sarkin Taya a kawo masa katakon al'ul domin ginin Haikali, kullum kuwa maɗaci nake zana musu a allo. Ashe ko kusa ba su yi kama ba. Rassan al'ul a shimfiɗe suke, hawa bisa hawa, kamar an jera faya-fayai, ganyensa kuma sirara ne kamar allura. Shi ne itacen da ke tsakiyar tutar ƙasar. Dā ya rufe duwatsun, amma Finikiyawa da Masarawa da Romawa da Turkawa kowa ya sari rabonsa, sai ga shi tsofaffin da suka rage a wannan wuri 'yan ɗaruruwa ne kawai. A shekarar 1876 aka kewaye su da katanga da kuɗin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, domin awaki suna cinye ƙananan da ke tsirowa. Akuya dai ko'ina akuya ce.

Daga nan muka gangara zuwa gidan sufaye na Antoniyo Mai Tsarki a Kozhaya, cikin ɗaya reshen kwarin. Majami'ar cikin kogo take, fuskarta kaɗai aka gina da dutse. Kusa da ƙofa akwai wani babban kogo mai duhu inda dā ake kawo masu taɓin hankali, a sa musu mari, a bar su suna jiran warkarwa. Marin yana nan har yanzu. Ban ji daɗin ganinsa ba, amma ban yi mamaki ba, gama duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan ƙarfe.

Abin da ya tsai da ni ya fi sa'a guda shi ne ɗakin ajiyar kayan tarihi. A wannan gida ne aka buga littafin Zabura a shekarar 1610, littafi na fari da aka buga da inji a Lebanon. Daga Italiya aka kawo gwanin da ya yi aikin. Kowane shafi an raba shi biyu: gefe ɗaya Suriyanci, ɗaya gefen Larabci, amma Larabcin da baƙaƙen Suriyanci aka rubuta shi. Garshuni suke kiran irin wannan rubutu. Da aka bayyana mini sai na yi dariya na ce, ai wannan ajami ne! Yadda kakanninmu suka ari baƙaƙen Larabci suka rubuta Hausa, haka su kuma suka ɗauki baƙaƙen da suka saba da su a majami'a suka rubuta Larabcin da suke yi a gida da kasuwa. Injin da ke ajiye a can yanzu na baya ne, ba na 1610 ba, amma duk da haka na daɗe ina dubansa. Ku tuna fa, a kan alfadari ake shigo da kaya wurin nan a wancan zamani. Ni dā ina ɗaukan sufaye mutane ne da suka guje wa wahalar duniya. Wanda ya ɗauko injin buga littafi ya gangara da shi cikin wannan rami, ba gudun wahala ya kawo shi ba. Har wa yau taron shugabannin ikkilisiyarsu na shekarar 1736 ya umarta a buɗe makarantu a garuruwa, a koyar da yara maza da mata.

Kashegari ita ce ranar tafiyar ƙasa. Muka yi sammako daga Bisharri, garin da aka haifi shahararren marubucin nan Khalil Jibran a 1883. Ga shawara ga wanda Allah ya nufa zai je. Ya nemi takalmi mai kama ƙasa. Ni da takalmin zuwa sujada na tafi, mai santsin ƙasa, sau biyu kuwa na zauna ba da niyya ba. Ya riƙe sanda da gorar ruwa. Ruwan sama ba abin damuwa ba ne a watan Agusta, gama damunarsu da sanyi take zuwa. Sa'ad da marka ke dukanmu a gida, su ko ɗigo ba sa gani. Hanyar tana da alamu, fari da shunayya da aka shafa a jikin duwatsu, domin wani yanki ce ta doguwar hanyar masu tafiyar ƙasa mai tsawon kilomita wajen 470 wadda ta ratsa duwatsun ƙasar daga arewa zuwa kudu. Babban abu kuma, ya tuna tafiyar kwari ba kamar hawan dutse ba ce. Mai hawan dutse da ƙarfinsa yake hawa, ya sauko da gajiya. Mai shiga kwari kuwa da murna yake gangarawa, bashin hawa yana jiransa da yamma.

Wurin da muka fara yada zango shi ne gidan sufaye na Mar Lisha, wato Annabi Elisha, wanda ke manne a jikin dutse kamar gidan zanzaro. Ɗakunan kwana ƙanana ne, mutum mai tsawo ba ya miƙe tsaye sosai a cikin waɗansu. A nan ne waɗansu samari daga birnin Halab na Suriya suka zauna a 1696, shekara guda bayan sun kafa ƙungiyar sufaye wadda take nan har yau.

Daga nan hanya ta bi gefen kwarin, kogi yana ƙara a ƙarƙashinmu, inuwa ko'ina. Duk inda gangaren ya ɗan yi sauƙi, an jera duwatsu an tare ƙasa an yi gonaki hawa-hawa, irin yadda mutanen duwatsun Gwoza suke yi. Zaitun ne, da inabi, da ɓaure, da tuffa. Waɗansu ana nomansu, da yawa kuwa ciyawa ta cinye, gama jikokin masu gonakin suna Bairut, ko Ostareliya, ko Kano. Ina tafe ina lissafi a zuciyata, kowane dutse a nan hannun mutum ne ya ɗaga shi. Sai na tambayi abokina abin da ya sa mutum mai hankali zai bar fili ya zo ya yi noma a jikin bango.

Bai amsa ba sai da muka kai wani wuri inda ake hangen ɗaya gefen. Ya nuna mini wajen garin Hadat da sandarsa, ya ce a jikin dutsen da ke ƙarƙashin garin akwai wani kogo. A shekarar 1283 rundunar sarakunan Mamluk na Masar ta auka wa garuruwan wannan yanki, mutanen Hadat suka gudu suka shiga kogon, aka kewaye su. Bayan shekara 700, wato a 1990 da 1991, masu binciken kogwanni suka hau da igiya, suka tarar da gawa takwas, manya da yara, sun bushe ba su ruɓe ba, da tufafinsu masu ado a jikinsu. Ɗaya jaririya ce 'yar wata huɗu. An sami takardun addu'a tare da su, da mabuɗin gida na itace. Waɗansu cikin gawarwakin suna gidan tarihi na ƙasa a Bairut. Mabuɗin nan ya tsaya mini a rai. Na san akwai masu karanta wannan shafi da suke zaune a garin da ba nasu ba, mabuɗin gidansu kuwa yana nan cikin akwati.

Tsanani irin wannan ne ya sa a shekarar 1440 Batarak ya ƙaura zuwa tsakiyar kwarin, zuwa gidan sufaye na Kannubin, magadansa kuma suka zauna a nan kusan shekara 400. Da azahar muka isa. In ka ji an ce fadar shugaban ikkilisiya, sai ka zaci wani babban gini ne. Ina! 'Yar majami'a ce rabinta cikin dutse, da tsofaffin zane-zane a bango da suka fara kwailewa, da 'yan ɗakuna. Sistoci ne ke lura da wurin, wata tsohuwa cikinsu ta ba mu ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. A nan Istifanus Duwaihi ya zauna, wanda ya yi Batarak daga 1670 zuwa 1704. Ya yi karatu a Roma, ya dawo ya koyar da yara a garinsu Ihdin, ya rubuta tarihin jama'arsa, sau da yawa kuma ya bar gidan nan da gudu saboda masu mulki. Malamin makaranta ne kamarmu kafin ya zama wani abu, na kuwa ji daɗin wannan. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai kogon Marina Mai Tsarki, inda aka binne Batarak da dama. Labarin da suke bayarwa shi ne, Marina mace ce da ta sa kayan maza ta shiga cikin sufaye, aka yi mata ƙazafin yi wa wata yarinya ciki, aka kore ta, ta yi renon jaririn a bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, sai da ta mutu aka gane gaskiya.

To, 'yan'uwa, da a nan labarin ya ƙare, da na rubuta muku shi tun bara. Abin da ya sa na yi ta jinkiri shi ne wannan.

Ina zaune a dakalin majami'ar ina ta juya sunan nan Kannubin a bakina, ina cewa na taɓa jinsa a wani wuri. Can sai na tuna. Cikin tarihin aikin mishan da aka koya mana a makarantar horon malamai ne. Akwai wani saurayi Bamarone mai ilimi ƙwarai, sunansa As'ad Shidyak, wanda ya yi karatu a babbar makarantarsu ta Ain Waraka. A shekarar 1825 wani ɗan mishan Ba'amurke, Jonas King, ya ɗauke shi ya koya masa harshe. Garin koyarwa da muhawara, As'ad ya shiga binciken Littafi Mai Tsarki da kansa, har ya kai ga cewa ba zai karɓi wata koyarwa ba sai wadda ya gani a rubuce a ciki. Batarak na lokacin, Yusufu Hubaish, ya riga ya hana jama'arsa kusantar 'yan mishan da littattafansu. Ya kira As'ad, aka yi lallashi, aka yi tsorataswa, bai janye ba. A 1826 danginsa na jini suka kama shi suka miƙa shi. Aka kawo shi nan Kannubin, aka kulle shi, aka sa masa sarƙa, aka yi ta dukansa. A nan ya mutu wajen shekarar 1830, yana da shekara talatin da 'yan kai.

Na gaya wa abokina. Ya ce bai taɓa ji ba, ya yi shiru. Na so in tambayi sistar ko wane ɗaki ne, amma kunya ta hana ni, ga ƙoƙon ruwanta a hannuna.

Kada mu yi saurin yanke shari'a. 'Yan mishan na wancan zamani ba su da taushin baki. Sun zo wurin mutanen da suka riƙe sunan Almasihu shekara dubu da ɗoriya cikin wuta, suna yi musu magana kamar ba su taɓa jin Bishara ba. Batarak kuma ƙaramin garke yake kiwo a ƙarƙashin mulkin Turkawa, ya san haɗin kai ne kaɗai ya tsirar da su, yana ganin in aka bar ɓaraka ɗaya bango duka zai zube. Na fahimci tsoronsa. Amma tsoro bai wanke shi ba. Wurin da kakanninsa suka ɓuya domin kada a tilasta musu barin abin da suka gaskata, nan ya kulle ɗansa domin ya tilasta masa barin abin da ya gaskata. Me kuwa aka samu? Ƙanen As'ad, Faris, ya bar ƙasar da baƙin ciki, bai taɓa yafewa ba. Ya yi aiki da 'yan mishan a Masar da Malta, ya je Ingila ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Larabci, wanda aka buga a 1857, daga baya kuma a Tunis ya shiga Musulunci, ya zama Ahmad Faris, ɗaya daga cikin manyan marubutan Larabci na zamaninsa. Gida ɗaya, an so a tsare ɗa guda, aka rasa biyu.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ni ma a kan nawa nake tsaye a ranar. Kafin tafiyan nan da wata bakwai, babban yaron gidana ya bar ikkilisiyar da aka yi masa baftisma, inda kakansa ya yi dattijo, ya koma ɗaya daga cikin sababbin nan masu kiɗa da ƙarfi. Bai yi sata ba, bai yi shaye-shaye ba, bai musunci Ubangiji ba. Amma na ce muddin can yake zuwa, ba zai ƙara buɗe Littafi a addu'ar dare cikin gidana ba. Gaisuwarsa ma da ka nake amsawa. Uwarsa ta yi magana har ta gaji. Ni kuwa, ni ne fa mai tsayawa gaban aji ina ba yara labarin waɗanda iyayensu suka kora daga gida saboda bangaskiya, har idona ya kawo ruwa. Ban sa wa kowa sarƙa ba, gaskiya ne. Amma a dakalin nan na kasa samun bambanci mai yawa tsakanin dalilina da na Yusufu Hubaish: me mutane za su ce, ƙannensa za su bi shi, gidan zai watse.

La'asar ta yi, bashin hawa ya zo. Muka kama 'yar siririyar hanya mai hawa zuwa ƙauyen Bilawza, inda mota ke jiranmu. Ban san yawan tsayawar da na yi ba. Gwiwoyina suna rawa, takalmin sujada ya yi baki, abokina yana gaba yana ce mini, "Malam, sannu ba ta hana zuwa." Duk inda na tsaya shan iska, in na waiwaya sai in ga Kannubin ya ƙara ƙanƙancewa, har ya zama kamar ɗigon farar ƙasa a jikin dutse. A ƙetare kuwa ga Diman, babban gidan da Batarak ke zama da bazara a zamanin yanzu, rana tana dukan rufinsa. Muna isa sama aka buga ƙararrawar yamma a wani ƙauye, wani ƙauyen ya amsa daga ƙetare. Wata mata da ke zaune a ƙofar gida ta ga halin da nake ciki, ta shiga ta fito da kujera da tuffa uku, ba ta tambaye ni ko ni ɗan wace ikkilisiya ba ne.

Na dawo gida ran Talata da dare. Ran Laraba da aka taru domin addu'a, na ɗauki Littafi na miƙa wa yaron. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, sa'an nan ya karɓa. Ya yi karatu, ya yi addu'a da murya har maƙwabta suna ji, bai ce amin ba sai da tuwo ya huce. Har yanzu can yake zuwa ran Lahadi, har yanzu kuma ina ganin akwai abubuwan da suke koyarwa da ba daidai ba, muna kuwa fafatawa a kansu da Littafi a buɗe tsakaninmu. Ran Laraba da Asabar shi ke bi da mu cikin addu'a. Uwarsa ta roƙe shi ya riƙa taƙaitawa saboda tuwon.